Abin da Injiniya Ta Gani Ta Waya

Duk asibitin da ta shiga, Injiniya ake ce mata. Haka ma'aikatan jinya suke kiranta, haka direbobin tasha, har mijinta idan yana son tsokana sai ya ce, "Ranki ya daɗe Injiniya, fankar ɗakinmu dai tana ta kuka, ko sai mun kai ta asibiti za ki duba ta?" Mahaifiyarta kaɗai ke ce mata Auta.

Aikinta gyaran na'urar ɗaukar hoton ƙashi. Kamfanin da take wa aiki shi ke sayar da na'urorin, kuma duk garin da ɗaya ta tsaya, ita ake turawa. Gajera ce kakkaura, mai saurin tafiya, kullum da baƙar jakar kayan aiki a kafaɗa. Ba ta yarda a sa jakar a but ɗin mota, a kan cinya take ɗora ta komai nisan hanya. Wanda ya lura da hannunta na hagu zai ga ƙaramin yatsan a karkace yake, ba ya lanƙwasuwa.

Yayanta ne ya yi mata wannan tun tana ƙarama. Su biyu ne a wurin iyayensu, waɗanda aka haifa a tsakaninsu ba su rayu ba. Babansu mai gyaran rediyo da talabijin ne, a wani ɗan shago da mutum biyu ba sa iya wucewa a jere. Yaya aka so ya gaji aikin, amma ba shi da haƙurin zama da ƙananan wayoyi. Wata rana ya yi ta fama da wata rediyo ta ƙi, ya jefar da ita ya fita. Auta ta ɗauka, ta ga waya ɗaya ce ta tsinke, ta liƙe, rediyo ta kama magana. Baba ya yi dariya har da tafi. Washegari ta sa hannu cikin durowa za ta ɗauko filaya, Yaya ya zo ta baya ya banka durowar da gwiwa, ya kuma danne ta har sai da ya ji ƙarar ƙashi.

Baba ya zane shi da wayar wuta har jikinsa ya farfashe. Inna ta ɗaure yatsan da tsumma tana kuka, tana cewa, "Zuciya ce da shi, amma ba mugu ba ne." Wannan maganar Auta ta girma tana ji. Ta ji ta ranar da ya zubar wa ɗan maƙwabta haƙora biyu, ta ji ta ranar da kamfanin masu gadi ya kore shi saboda ya karya wa wani direba muƙamuƙi a bakin ƙofa. Daga baya ya koma tuƙin tifa, ya auri wata doguwar mace mai kitso, marar yawan magana, wadda kowa a gidan ke kira Anti.

Ita kuwa Auta ta yi karatu, ta samu aiki, ta auri wani malamin lissafi siriri mai tabarau. Malam ko kyankyaso ba ya kashewa, kwashe shi yake a abin kwasar shara ya kai waje, yara suna ihu suna dariya. Sun haifi 'yan mata biyu. Suna zaune a hawa na biyu na wani bene, makarantar da Malam ke koyarwa tana ƙarshen layi, kana jin ƙararrawarta daga kicin. Da Baba ya rasu, Inna ta dawo wurinsu.

Saboda yawan tafiya, Injiniya ta cika gidan da abin da zai riƙe shi idan ba ta nan. Ita da kanta ta hau rufi ta jera faifan sola, ta ajiye batura biyu manya a kan wata kanta ta ƙarfe a falo. Ta sa makulli mai lamba a ƙofa, don Inna ta ɓatar da ɗan makulli har an gaji da yanko sabo. Bayan Inna ta taɓa zamewa a banɗaki ta wuni a ƙasa ba kowa a gida, sai ta kafa kyamara biyu, ɗaya a bakin ƙofa, ɗaya a saman kabad ɗin falo. Duka suna haɗe da wayarta, tana gani, tana ji, tana kuma iya magana ta cikinsu.

Tana cikin mota, an matse ta tsakanin buhu da fasinja, sai ta danna waya ta ce, "Inna, kin sha maganin hawan jinin?"

Inna ta ɗaga kai daga tsintar shinkafa ta harari kabad. "Aljanar gidan nan ta fara. Na sha."

"Ina ganin kwalbar a kan talabijin, tun safe ba ta motsa ba."

Wani lokaci Inna ta tashi ta yafa wa kyamarar ɗankwali, sai Malam ya dawo ya cire. Da yamma Injiniya takan duba wa yara aikin makaranta daga masauki, ta raba faɗa a kan rimot, ta gaya wa Malam wane maɓalli zai danna a injin wanki, abin da ta gaya masa ya fi a ƙirga. Haka suke zaune, kuma zaman yana yi musu.

Wata safiya tana ɗaura takalmi aka ƙwanƙwasa. Anti ce, ta rungume hannun dama a ƙirji cikin mayafi, idonta ɗaya a rufe saboda kumburi. Ta ce faɗuwa ta yi a kan matakala. Injiniya ta ajiye jaka ta kai ta asibitin da ta saba yi wa gyara. Da hoton ya fito a kan allo, ita da likitan suka tsura masa ido. Ban da sabuwar karaya a ƙasan gwiwar hannu, akwai tsofaffi: ɗaya a wuyan hannu da ta haɗe a karkace, da haƙarƙari biyu da suka warke da kansu.

"Anti," in ji Injiniya, "ni nake gyara na'urar nan, ba ta ƙarya. Tun yaushe?"

Anti ta dubi ƙasa. "Tun kafin Baba ya rasu."

"Wannan da me ya buge ki?"

"Da ƙafar kujera. Wata ce ta zo kitso ta daɗe, ya dawo bai samu ruwan wanka ba."

Aka sa mata siminti a hannu, Injiniya ta wuce da ita gida, ta shimfiɗa mata katifa a ɗakin yara. Malam ya ce, "Anti, nan gidanki ne, ki zauna har ki gaji da surutunmu." Inna ta yi kuka, ta dafa mata ruwan zafi ta gasa mata fuska da hannunta, amma tana gashin tana cewa a hankali, "Zai huce. Idan ya huce shi ma kuka zai yi." Injiniya ta canza lambar ƙofa a ranar. Ta durƙusa gaban mahaifiyarta ta ce, "Inna, ko me Yaya zai ce miki, kada ki buɗe masa idan ba na nan." Inna ta kau da kai.

Yaya ya yi ta kiran Injiniya ba ta ɗauka. Sai ya tare ta a tasha, da sassafe, tana shirin shiga mota. Ba ta gan shi ba sai da ta ji an fizgi jakarta ta baya, ta juyo, ya kwaɗa mata mari da bayan hannu. Zobensa ya tsaga mata leɓe, ta bugu da ƙofar mota.

"Ke har kin isa ki ɓoye min mata? Don kina yawo gari gari kamar namiji?"

Ya shaƙe mata wuya da hannu ɗaya ya manna ta da jikin motar. Direbobi suka yi kansa, sai da mutum huɗu suka taru kafin suka ɓamɓare yatsunsa. Wani ya kai masa naushi a ido, wani ya ɗauko sanda, Injiniya ta ce da muryar da ba ta fita sosai, "Ku bar shi, yayana ne." Suka jefa shi waje da ƙofar tasha. Ta ɗauki jakarta, ta toshe baki da hankici, ta shiga mota, don akwai asibitin da ke jiranta. A hanya ta kira Malam ta gaya masa. Ya ce su kai ƙara wurin 'yan sanda. Ta ce to, idan ta dawo. Da ta dawo Inna ta riƙe mata ƙafa tana roƙo, ta bari.

Yaya ya yi shiru, ba kira, ba saƙo. Har Anti ta fara fitowa falo, tana koya wa babbar yarinya kitso da baki, tunda hannu ba hali.

Ranar da abin ya faru, Injiniya tana wani gari mai nisan rabin yini, a wani ƙaramin asibiti da ke gindin tsauni. Ta kwance murfin na'ura, tana kwance rigingine a ƙarƙashin gadon ɗaukar hoto da tocila a baki. Bangon irin wannan ɗaki yana da kauri, sabis ba ya shiga. Wajen hantsi ta fito baranda ta sha ruwa, sai wayar ta kama ƙara a aljihu, saƙo a kan saƙo: akwai mutum a bakin ƙofa.

Ta buɗe. Yaya ne a durƙushe, ya jingina goshi da ƙofar gidanta, yana kuka.

"Inna, ni ne. Ban zo faɗa ba. Kwana nawa ban ci abinci ba, Inna. Ki bari in gan ki kawai in tafi."

Daga inda kyamarar take, Injiniya tana ganin abin da Inna ba za ta gani ba. Ya soke ƙarfen kwance taya a bayan wando, rigar ta ɗage a kansa.

Ta danna maɓallin magana. "Yaya, ka tashi ka tafi. Ina ganinka."

Ya ɗago kai a hankali ya nemi inda muryar ta fito. Idonsa a bushe yake. Ya miƙe, ya zaro ƙarfen, hoton ya ɗauke.

Ta koma kyamarar falo. Inna ta riga ta tashi, tana dafa bango tana nufar ƙofa. Anti tana tsaye a bakin kicin.

"Inna, kada ki buɗe. Ƙarfe ne a hannunsa. Inna, don Allah ki tsaya."

Inna ta waiwayo ta dubi kabad. "Ɗana ne, Auta. Kuka yake yi."

Daga ciki ƙofar ba ta buƙatar lamba, hannu kawai ake murɗawa.

Injiniya ta fizge wayar wata ma'aikaciyar jinya da ke wucewa, ko izini ba ta nema ba. Da hannu ɗaya ta kira Malam, ɗaya hannun yana riƙe da tata wayar. Ta ce, "Yaya ya shiga gida da ƙarfe," ya kashe kafin ta ƙarasa. Ta kira Tela, matar da ke da shagon ɗinki a ƙasan benensu. Ta kira 'yan sanda, suka fara tambayarta sunan layi, tana faɗa tana kallo.

Yaya ya ture Inna gefe da kafaɗa. Anti ta ruga kicin za ta rufe ƙofa, ya sa ƙafa ya banke, suka ɓace daga hoton. Aka ji tukwane suna zubewa, aka ji ƙara guda ɗaya mai tsawo. Sai ga shi ya fito yana jan ta da gashi a kan tayil, ƙafafunta suna shure-shure. Ya kai ta tsakiyar falo ya taka hannun nan mai siminti, ya ɗaga ƙarfen ya sauke a kai. Simintin ya fashe, farin gari ya watsu a kan kafet. Ya sake ɗagawa ya sauke a kafaɗarta.

Inna ta rarumi hannunsa ta rataye, tana kiransa da sunan da take kiransa yana jariri. Bai ko dube ta ba, ya yarfar da ita kamar rigar da ta maƙale masa. Ta tafi da baya ta bugu da kantar batura, kantar ta girgiza, batir ɗaya ya zame ya faɗo mata a ƙugu. Ba ta yi kuka ba, wani irin nishi ta yi, ta kwanta a karkace.

Injiniya tana ta magana a cikin wayar, ba ta san me take cewa ba. Ma'aikatan jinya sun taru a bayanta suna leƙe, wata ta toshe baki ta juya. A cikin falon muryarta tana fitowa daga saman kabad, siririya, ba mai sauraro.

Malam ya shigo a guje, alli a hannunsa har gwiwa. Bai ɗauki komai ba, bai ma san yadda ake faɗa ba. Ya shiga tsakaninsu ya ɗaga hannu biyu ya ce, "Yaya, ya isa haka." Ƙarfen ya same shi a gefen kai, saman kunnen hagu. Tabarau ya yi tsalle ya faɗa bayan kujera. Malam ya durƙushe, jini ya wanke masa wuyan riga, amma da zai faɗi sai ya rungume ƙafafun Yaya duka biyu ya ƙanƙame. Yaya ya buge shi a baya, ya sake, ya sake. Malam bai saki ba. Fuskarsa tana manne da gwiwar Yaya, idonsa a rufe, kamar yaron da ya ƙi a tafi a bar shi.

Wannan ne ya ba Anti dama. Ta ja jiki da hannu ɗaya zuwa inda Inna ta bar dutsen guga a jone, ta fizge shi da wayarsa, ta miƙe ta manna wa Yaya a wuya. Ya yi ƙara ya saki ƙarfen. A lokacin Tela ta shigo da babban almakashi a hannu, maza uku na layin suna bayanta. Suka danne shi, suka ja shi waje. Injiniya ta ji jikinsa yana bugun matakala ɗaya bayan ɗaya, ta ji hayaniyar mutane tana ƙaruwa a ƙasa, ta ji sanduna suna sauka.

Falon ya rage mutum uku a ƙasa, fanka tana ta juyawa a sama. Malam ba ya motsi.

Sai muryarta ta dawo daidai, irin ta wurin aiki. "Anti, kina ji na? Ɗauko tawul ɗin da ke kan kujera. Ninka shi ki danna a inda jinin ke fita, kada ki ɗaga masa kai. Sa kunnenki a bakinsa. Yana numfashi?"

Anti ta sunkuya. "Yana yi."

"To riƙe haka. Inna, kada ki motsa, kada ki yi ƙoƙarin tashi."

Inna ta buɗe ido. "Auta, ki ce kada su kashe shi."

Injiniya ta sake kiran Tela ta ce a bar shi haka, 'yan sanda suna hanya. Ta tsaya har ta ga an kwashe su ukun, sannan ta mayar wa ma'aikaciyar jinya wayarta, ta ɗauki jaka. Na'urar tana nan a buɗe, kusoshi a zube a cikin faranti. Babban likita ya biyo ta har ƙofa yana cewa ta tafi kawai, ba komai.

Ta ɗauki shatar ƙaramar mota. Hanyar ta bi ta cikin tsaunuka, sabis yana zuwa yana ɗaukewa. Duk inda ya dawo sai ta buɗe kyamara ta kalli falon da ba kowa, da baƙin tabo a kan kafet. Tela ta kira ta ce an shiga da Malam tiyata, ta kuma ɗauko yara daga makaranta suna shagonta, ba ta bari sun hau sama ba. A tsakiyar hanya suka tarar da babbar mota ta kife ta tare titi, motoci sun yi layi har inda ido ba ya kaiwa. Injiniya ta sauka ta rataya jaka, ta bi gefen titi a ƙafa cikin rana, ta ratsa ta kan kayan da suka zube, ta samu mai babur a ɗaya ɓangaren ya kai ta gari na gaba. Daga nan ta sake shiga wata motar. Rana ta yi ja kafin ta iso asibitin da aka kai su.

Ƙashin kan Malam ya tsage, an buɗe an cire jinin da ya taru, bai farfaɗo ba tukuna. Ƙugun Inna ya karye. Hannun Anti ya karye a wuri biyu, da ƙashin kafaɗa. Injiniya ta bi su gado gado ta duba, ba ta yi kuka ba. Sai wani ma'aikaci da ya san ta ya ce mata, a hankali, yayanta ma yana nan, a ɗakin ƙarshe.

An ɗaure hannunsa da ankwa a jikin gado. Fuskarsa ta kumbura ba a gane shi, wuyansa da shatin dutsen guga. Ɗan sanda yana zaune a bakin ƙofa yana danna waya. Ya ga mace da jakar aiki, ya ɗauka ma'aikaciya ce, ya bar ta ta wuce.

Yaya ya buɗe ido ɗaya. "Ke kika jawo," in ji shi. "Da kin ba ni matata, da duk haka ba ta faru ba."

Tun da aka haife ta ba ta taɓa dukan mutum ba, ko 'ya'yanta. Ta dunƙule hannu ta sauke masa a baki da duk ƙarfinta. Haƙorinsa ya yanke mata bayan yatsu. Ta sake, ta sake, har ɗan sandan ya kamo ta ta baya ya fitar da ita. A baranda ta zauna a ƙasa tana kallon hannunta yana zubar da jini. Ta zaci za ta ji sanyi a ranta, ba ta ji komai ba.

Malam ya farfaɗo bayan kwanaki. Abin da ya fara tambaya shi ne ko an share allon ajinsa, don ya bar lissafi a rabi. Kunnen hagu bai sake ji ba, kuma hannunsa ya riƙa rawa idan ya gaji.

'Yan sanda suka nemi hoton da kyamara ta ɗauka. Inna ta ji labari a gadon asibiti, ta sa aka kira Auta.

"Ke kika haɗa abin nan, kin san yadda ake gogewa. Ki goge."

"Ba zan goge ba, Inna."

"Nono ɗaya kuka sha. Idan suka kulle shi, wa ya rage min?"

"Ni na rage miki. Da Malam, da ya kusa mutuwa a falonsa."

Inna ta juya fuska ga bango. Injiniya ta miƙa hoton a ranar. A kotu aka kunna shi a babban allo, mutane suka ji muryarta tana roƙon mahaifiyarta kada ta buɗe ƙofa. Ta fita kafin a kai wurin da Malam ya shigo. Aka ɗaure Yaya shekaru masu yawa.

Inna ta dawo gida a keken guragu, ta daina yi wa Auta magana. Idan tana son ruwa sai ta ce wa Malam, "Ka gaya wa matarka," ko da matar tana tsaye a gabanta. Injiniya ce ke yi mata wanka, ita ke juya ta a gado, duk a shiru. An yar da kafet ɗin, an sayi wani. Yara sun daɗe ba sa yarda su zauna a falo su kaɗai. Anti ta koma wurin yayarta a wata unguwa, aka raba auren. Hannun ya warke amma ba ƙarfi, kan da take gamawa kafin azahar yanzu sai ta wuni a kai. Tana zuwa lokaci lokaci ta yi wa 'yan matan kitso, ta gaida Inna daga bakin ƙofa. Malam ya koma aji, ya koyi tsayawa ta yadda kunnen dama zai fuskanci ɗalibai, yana ce musu duk mai son ya zage shi ya koma layin hagu.

Injiniya ta nemi a rage mata tafiya, kamfani ya rage na ɗan lokaci, sannan abin ya koma yadda yake, don na'urori ba su daina lalacewa ba. Ta koma asibitin gindin tsauni ta ƙarasa gyaran da ta bari. Ta tarar ma'aikatan jinya sun rufe farantin kusoshin da tsumma, ba wanda ya taɓa.

An ci rabin shekara a haka. Wata Asabar da safe tana tsefe wa Inna kai, sai tsohuwar ta yi magana ba tare da ta juyo ba.

"Auta, ki kai ni in gan shi."

Injiniya ta tsaya da matsefi a hannu. Sannan ta ƙarasa tsifar, ta ɗaura mata ɗankwali, ta ɗauko mata mayafi. Benen ba shi da hanyar keke, Malam kuma likita ya hana shi ɗaukar nauyi. Ta durƙusa ta goya mahaifiyarta, ta sauko da ita matakala a hankali, Malam yana biye da keken a naɗe. Inna ba ta da nauyi ko kaɗan, kamar an goya yarinya.

A ƙofar gidan yari ta tura keken har wurin bincike, ta miƙa shi ga wata ma'aikaciya.

"Ba za ki shiga ba?" in ji Inna.

"A'a. Ina nan waje."

Ta zauna a kan wani benci a inuwar katanga, tare da wasu mata masu jiran nasu. Wayarta ta yi ƙara, ofis ne, wata na'ura ta tsaya a wani gari, suna so ta tafi Litinin. Ta ce to.

Da aka turo Inna waje, idonta ya yi ja. Suka shiga tasi, Injiniya ta gyara mata ƙafa, ta sa mata filo a ƙugu. Sun yi nisa kafin tsohuwar ta yi magana, tana kallon taga.

"Ya rame. Ya tambayi kowa, har yaran. Bai tambayi ƙuguna ba."

Injiniya ta ce wa direba ya bi a hankali, akwai ramuka a gaba. Inna ta lalubo hannunta a kan kujera ta riƙe, ba ta saki ba har suka iso gida.